Mai Gemu da Ranar Hantsi

Zuwa ga Abu Sumayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ban taɓa tsayawa na yi maka da kyau ba lokacin da kake shigowa da ƙurar unguwar Khumra ta nan Jidda a kafaɗunka, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba. Ko kana raye ma ba ka son karanta wasiƙa, sai ka miƙo mini ka ce idonka ya gaji. Amma bakina ya cika da magana, kuma kai ne ya kamata ka ji ta. To ina zan kai ta?

Mutanen gida lafiya. Sumayya tana biyowa kullum in ta tashi daga aiki, mijinta kuma ya ɗauki maganar iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a kansa, ya ce kada in sa ta a raina. 'Yan'uwanka na can gida Maiurno suna ta kira suna gaisuwa. Hajja Batulu maƙwabciyarmu tana nan yadda ka bar ta, ba ta taɓa shigowa da sallama kaɗai, sai da shawara a bayanta. Ni kuwa ina cikin takaba, daga ɗaki sai falo, daga falo sai kicin. Sai dai ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Mai Gemu ce. Ƙadangarenka ya kusa bin ka, Abu Sumayya, kuma da hannuna na kusa raka shi.

Ka tuna ranar da ka kawo shi? Ka shigo da akwatin gilashi a rungume, kana haki a kan matakala, fuskarka cike da murna. Ka ce wani ne ya sayo wa 'ya'yansa, suka gaji da shi, ya zo ya ajiye a shagon abincin tsuntsayen da kake aiki ya yi tafiyarsa. Na leƙa na ga wani abu mai faɗin kai, ƙaya-ƙaya a wuya, yana kallona da ido ɗaya ba ko kunya. Na ce maka mun baro Maiurno inda ƙadangaru ke gyaɗa mana kai a kan kowace katanga, mun ƙetaro teku, ka rasa abin da za ka kawo mini sai ƙadangare? Ka ce ai wannan ba irin namu ba ne, asalinsa daga hamadar Ostireliya. Na ce ko daga ina yake, ƙadangare ƙadangare ne.

Hajja Batulu ta shigo ta gan shi, ta yi salati, ta cire silifas. Ta ce tsaka ce, kashe ta lada ne. Ka tsaya tsakaninta da akwatin, hannu a baya, kana yi mata bayani a hankali cewa tsaka daban wannan daban, har ta mayar da takalminta tana harararka. Mai gidan da muke haya kuma da ya hau karɓar mabuɗin tanki, tambayarsa ɗaya, ko irin wanda ake gasawa a sahara ne. Ni na raɗa masa suna. Na ce tunda naka gemun ya ƙi cika shekara da shekaru, ka je ka samo mai cikakke. Ka yi dariya har ka dafa bango, daga ranar ya zama Mai Gemu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fitilun nan biyu. Ɗaya zagayayya mai zafi a kan itacen da yake kwanciya, ɗaya doguwa fara a saman akwatin. Da safe ka kunna, da magariba ka kashe. A Jidda fa! Garin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, garin da ruwan famfo ke fitowa kamar an dafa shi, kai kana kunna wa ƙadangare wuta don ya ji ɗumi. Na sha gaya maka in mutane suka ji za su ce zafin Khumra ya taɓa ka. Amsarka ba ta taɓa canzawa ba: “Jidda tana waje, Ummu Sumayya. Nan ciki ba Jidda ba ce.” Ni kuma in ja tsaki in ƙara wa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ƙarfi.

Ga kuma hidimar abinci. Ka yayyanka ganyen jarjir da kabewa ƙanana-ƙanana. Ka kamo gyare daga cikin bokitinsu, ka zuba a leda, ka ɗebo farar hodar nan da bakin cokali ka barbaɗa, ka girgiza, kamar mai agashe yana birkita nama a ƙuli. Kwalba biyu ce, ɗaya kana buɗe ta kusan kullum, ɗayar sai jefi-jefi. Ban taɓa tambayarka bambancinsu ba. Abin da na kula da shi kawai shi ne ka ɗauki kwalbar ƙwayoyina, waɗanda likita ya rubuta mini saboda ciwon gwiwa da baya, ka jera ta kusa da su a kan kanta. Na yi fushi ranar. Na ce yanzu har na kai matsayin da za a haɗa maganina da na ƙadangare? Ka ce don kada ka manta da ɗayanmu ne. Na sha ƙwayoyin na ɗan lokaci, na watsar.

Sannan hawan bene. Kowace safiya kafin ka tafi aiki, in rana ta ɗan ɗaga, sai ka ɗora shi a kafaɗa ka tsaya a bakin kicin. “Yalla, mu za mu hau sama. Akwai wuri.” Ni kuma ina wanke kofunan shayi, ko juyowa ba na yi, in ce ku gaida ranar. Shekaru kana faɗa ina amsawa, har abin ya zama kamar gaisuwa. Ranar da aka kira mu da azahar aka ce ka faɗi tsakanin buhunan gero, zuciyarka ta tsaya, da safiyarta ma ka faɗa, na amsa. Ita ce maganarmu ta ƙarshe, Abu Sumayya. Ku gaida ranar.

Da aka yi zaman makoki, falo ya cika da mata tun daga Hindawiyya har Khumra. Wasu na tsoron akwatin, yara na ƙwanƙwasa gilashin, wata kuma ta zare wayoyin fitilun ta sa butar shayi. Mijin Sumayya ya ɗauke akwatin ya kai ɗakina. Da mutane suka ragu na zauna a bakin gado na dube shi, shi ma ya dube ni. A lokacin na gane cewa a duk gidan nan shi ne rai na ƙarshe da hannunka ya ciyar. Rigunanka ba sa numfashi, takalmanka ba sa motsi. Shi kuwa yana nan yana lumshe ido. Na yi alkawari a raina cewa zan riƙe shi da mutunci.

To ka san yadda muke girmama baƙo a garin nan. In mutum mai daraja ya shigo, ina ake zaunar da shi? Ƙarƙashin mukayyif, a kawo masa ruwa mai ƙanƙara. Haka na yi wa Mai Gemu. Na ja akwatin daidai inda sanyi ke sauka. Fitilun na naɗe su na sa a kwali, don na sha ganin shi a ƙarƙashinsu ya wangale baki, na ɗauka wahala yake sha kai ba ka gani. Gyaren kuwa Hajja Batulu ta ce kukansu bai dace da gidan rasuwa ba, aka fitar da bokitin. Na riƙa ba shi abin da nake ganin ya fi daɗi: shinkafa dafaffiya, ayaba, dabino da na murtsuke da yatsa, latas mai sanyi daga firji. Hodar ban taɓa ta ba, ina tsoron kada in zuba fiye da kima in kashe shi. Wallahi duk cikin ƙauna na yi.

Da farko ya daina hawa itacensa. Daga nan ya daina cin abinci, launinsa ya dushe ya koma kamar toka, ya kwanta a lungu ido rufe. Na ce shi ma takaba yake yi. Matan da ke zuwa gaisuwa na kai su suna leƙawa, suna cewa Subhanallah, dabba ma ta san an yi rashi. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana yi mini daɗi, ina jin ba ni kaɗai ke kewarka ba. Haka muka zauna ni da shi cikin sanyi da labule a sake, makonni suna wucewa.

Wata safiya na ga yatsunsa suna karkarwa su kaɗai. Na taɓa shi ya yi yunƙurin tafiya, sai ƙafafun baya suka ƙi ɗagawa, ya ja su a ƙasa. Na kai masa ɗan yankin ayaba bakinsa, ya buɗe, amma bakin ya kasa rufuwa a kanta. Na sa yatsa a haɓarsa na ji ta lotsa, laushi kamar guringuntsi. Na kira Sumayya ina kuka, ban ma san me nake cewa ba, sai dai na ji ina maimaita zai mutu, shi ma zai mutu.

Da la'asar Sumayya ta zo da wata likitar dabbobi, Dakta Hadiza, 'yar Zariya ce da ke aikin kwantiragi a wani asibitin dabbobi a arewacin gari. Ashe ta san ka, a shagonku take sayen abincin tsuntsayenta. Ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ta ce kai mutum ne mai tambaya, ba ka taɓa barin ta ta fita ba ka tambaye ta wani abu a kan ƙadangarenka ba. Da ta shiga ɗakin sai ta ƙanƙame jikinta. “Hajiya, wannan ɗaki ai firiza ne.” Ta ɗauke shi a tafin hannu, ta shafa haɓar, ta miƙe ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Sori, Hajiya, ba baƙin ciki ke damunsa ba. Sanyi ne, da yunwar rana.”

Ta zauna a kan darduma ta yi mini bayani, kuma tun ranar ban daina juya shi a raina ba. Kai ka san duk wannan, amma bari in faɗa maka yadda ya shige ni. Ta ce wannan halitta ba ta da wutar kanta a jiki irin tamu. Ɗuminta aro take yi daga waje. In babu zafi, cikinta ma ba ya aiki, abincin da na yi ta tura masa yana nan kwance bai narke ba. Ta ce farar hodar nan kalsiyam ce, abin da ake gina ƙashi da shi, kuma da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa. In jiki bai samu a abinci ba, ba ya tsayawa jira, sai ya koma ya riƙa ɗiba daga ƙashin kansa don zuciya ta ci gaba. Wato duk kwanakin nan da nake cewa yana makoki, yana cinye ƙasusuwansa ne don ya rayu. Ka ji ikon Allah?

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ta ce ko da na ba shi hodar cokali-cokali, ba za ta shiga ƙashi ba sai da wani bitamin, shi kuma fata ce ke ƙera shi da kanta in rana ta taɓa ta. Ba ma dukan hasken rana ba, wani ɓangare ne a cikinsa da ido ba ya gani, wanda gilashin taga ke tarewa ya hana shi shigowa. Doguwar fitilarka ita ke kwaikwayon wannan haske, zagayayyar kuma ta zafi ce kawai, kowace da aikinta. Ta ce doguwar tana iya mutuwa alhali tana ci gaba da haskawa, ido na ganin ta garau amma abin da ake nema ya ƙare a cikinta, shi ya sa kake canza ta ina yi maka faɗan ɓarna. Ɗaya kwalbar kuwa ta sauran bitamin ce, ita in ta yi yawa cuta ce, shi ya sa kake buɗe ta jefi-jefi. Ashe da haske ake gina ƙashi, Abu Sumayya? Abu mafi tauri a jikin mai rai, a ce sai da abin da ba a iya kamawa da hannu, ba a ma iya ganinsa? Na yi shekara da shekaru ina tasbihi, ban taɓa jin Subhanallah ta fito daga can ƙasan cikina irin ta ranar ba.

Sai maganarka ta dawo mini. Jidda tana waje. Na dubi labulen, na dubi mukayyif yana huci, na ga gaskiyarka tsirara. Mun zo garin rana mun gina wa kanmu hunturu a cikin ɗaki, mun kulle ƙofa.

Washegari Sumayya ta kai shi aka ɗauki hoton ƙashinsa. Ta nuna mini a wayarta, ƙasusuwan sun yi dishi-dishi da kyar ake rarrabe su. Dakta Hadiza ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce zai iya tashi, zai iya ƙin tashi, haɓar kuma ko ya warke ba lallai ta koma daidai ba. Ta ba da kalsiyam na ruwa da ake ɗiga masa da sirinji a gefen baki, da wani abinci mai laushi kamar kunu. Aka mayar da akwatin falo nesa da sanyi, aka ɗaura zagayayyar fitila, aka sayo sabuwar doguwa. Ta ce gefe ɗaya ya yi zafi, gefe ɗaya ya yi sanyi-sanyi, shi zai zaɓi inda yake so. Amma ta ce duk fitilar duniya ba ta kai ranar Allah ba. In da hali a fitar da shi da hantsi na ɗan lokaci, ba a cikin gilashi ba don zai dafe a ciki, a ajiye masa inuwa kusa, a kuma sa ido saboda kyanwa da hankaka.

Da Dakta ta dawo duba shi, tana cikin haɗa jakarta na yunƙura zan tashi daga ƙasa, na dafa gado, na dafa bango, gwiwoyina suna ƙara. Ta tsaya tana kallona. “Ke fa, Hajiya, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki?” Na shiga lissafi a raina. Daga gida sai mota, daga mota sai wani gidan, abaya har ƙasa. Na tuna ina yarinya muna wanki a bakin kogi a Maiurno, rana na dukan bayanmu har mu yi baƙi ƙirin, ban san ciwon gwiwa ba. Ta ce in koma wurin likitana a duba jinina, in kuma nemo ƙwayoyin da na watsar. Ba sai na nema ba, suna nan inda ka jera su.

Saura maganar hawa. Na ce ina takaba, yaya zan fita? Mijin Sumayya ya tambayi limamin masallacinku, ya ce saman bene cikin gida ne. Hajja Batulu ta ce mutane za su ce me, mace mijinta bai daɗe da rasuwa ba a gan ta a sama da ƙadangare. Ta gama faɗan, ta sauka da kanta ta karɓo mabuɗin saman benen a wurin mai gida, ta ajiye mini a kan tebur.

Da hantsi na naɗe shi a tawul na rungume a ƙirji. Sumayya ta biyo ni da sirinji da ruwa. Rabona da matakalar nan tun shekarar da muka tare. Na huta a kowace kwana, ina jin sanyin jikinsa yana ratsa rigata. Da Sumayya ta tura ƙofar ƙarfen, haske ya buge ni har na runtse ido. Na buɗe na ga unguwarmu Sa'alaba gaba ɗaya a shimfiɗe, rufin gidaje da tankunan ruwa, tattabaru suna kewaya, iska na kawo ɗan warin teku. Na ce to ina yake ajiye shi? Ta nuna bayan tanki da haɓa.

Abu Sumayya, me ka yi haka?

Na zata zan tarar da ɗan kwali da bulo. Sai na ga ka kafa sanduna ka kewaye wurin da asabari ta gefe uku, ya fi tsayina, ka bar gabas a buɗe inda babu wani gini da ya fi namu tsawo. A ƙasa ga tabarma, ga guntun itace, ga ɗan akwatin katako da ka kifa don inuwa. Sannan ga bambar guda biyu, 'yan kujerun igiya irin na gida. Ɗaya igiyarta ta lotsa a tsakiya, ta yi baƙi, na gane zamanka a jikinta. Ɗayar igiyarta tsaf kamar jiya aka saƙa, ka ƙara mata majingina da katako, ka ɗaure matashi a jiki, ka rufe da leda don ƙura. A jikin sandar da ke kusa da ita ka buga ƙusa ɗaya daidai kafaɗata.

Na tsaya ina kallon asabarin. Ƙadangaren da bai kai tsawon hannu ba, shingen da ya kai gwiwa ya ishe shi. Wa ke ɓoye ƙadangare daga idon maƙwabta? Wane ƙadangare ne ke da ciwon baya da zai nemi majingina? Me zai rataya a ƙusa? Na juya na dubi Sumayya, hawaye sun riga sun wanke mata fuska. Ta ce da Hausarta da ka sani, rabi a baki rabi a hannu, “Yumma, Baba ya ce in kin zo ki cire mayafi, ma fi ahad, ba wanda zai gan ki. Ya ce kar in faɗa. Ya ce in an ce miki don ke aka yi, za ki ce halas, ba kya so.”

Ka san ni kuwa. Haka zan ce.

Na kwance tawul na ɗora shi a kan itacen. Ya kwanta kamar tsumma, ba motsi. Na zare ledar na zauna a kujerata, majinginar ta karɓi bayana daidai inda yake ciwo. Na cire mayafin na rataya a ƙusarka. Na naɗe hannun riga, na miƙe ƙafafu. Ranar hantsi ta sauka a kan damatsana da ƙaurina, ɗumi mai taushi, ba irin na azahar mai duka ba. Na ji fatata tana sha kamar busasshiyar ƙasa. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da kai.

Da na share ido na dube shi, sai na ga abin da kake gani kowace safiya kai kaɗai. Ya baje haƙarƙarinsa a hankali har ya yi faɗi kamar faifai. Ya karkata bayansa wajen rana. Fatarsa ta yi duhu ina kallo, don ta fi jan zafi, haka Dakta ta ce. Can sai duhun ya fara washewa, wani rawaya-rawaya ya fito a gefen wuyansa, launin da na manta yana da shi. Ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe ɗayan. Wani hankaka ya gifta ta sama, kafin ni in ankara shi har ya maƙale ya karkata kai yana duban sama. Dakta ta nuna mini wani ɗan ɗigo a tsakiyar kansa, ta ce wani irin ido ne, ba ya ganin siffa, haske da inuwa kawai yake ji. Ido na uku, yana fuskantar sama dare da rana! Wa ya zauna ya tsara wannan a kan halittar da na kira ƙadangare kawai? Bayan wani lokaci ya wangale baki irin yadda ya saba tsorata ni, ashe zafin da ya yi masa yawa yake fitarwa. Daga nan ya ja jikinsa da ƙafafun gaba, sannu-sannu, har ya shige inuwar akwatin. Ba wanda ya ce masa ya isa. Shi ya san ma'auninsa.

Tun daga ranar ba mu fasa hawa ba. Ina ɗiga masa maganinsa, in haɗiye nawa, mu kama matakala. Kwalaben uku suna nan a jere yadda ka bar su, ban raba su ba. Na koyi kama gyare da hannuna, ni da nake ihu in na ga kyankyaso, na koyi girgiza ledar har su yi fari. Karkarwar yatsun ta daina. Ya yi saɓa, sabuwar fata ta fito. Amma ƙafafun baya sun daɗe ba su amsa ba, bakin kuma bai iya kama komai sai abin da na ɗura masa. Kullum in saki gyare ɗaya a kan tabarma, ya bi shi da ido har ya tsere. Dakta ta ce ranar da ya kama da kansa, ranar za ta ce ya tsallake.

Yau da hantsi na saki ɗaya kamar kullum, fari fat da hoda. Ya yi tsalle ya sauka kusa da ƙafar kujerarka. Mai Gemu ya karkata kai. Sai na ga cikinsa ya rabu da itacen. Ya tashi a kan ƙafafu huɗu, Abu Sumayya, huɗu, na bayan suna rawa amma suna ɗauke da shi. Ya sauko, ya taka tabarmar yana tangaɗi, ya tsaya. Harshe ya fito, gyaren ya ɓace. Na riƙe numfashi ina jiran in ga ko bakin zai rufu. Na ji ƙurus. Na sake jin ƙurus. Haɓar a karkace take, haka kuma za ta zauna, amma ta tauna. Na yi kabbara da ƙarfi har tattabaru suka watse, Hajja Batulu ta ƙwala kira daga ƙasa tana tambaya ko lafiya. Shi kuwa ya lashe hodar da ta maƙale a leɓensa, ya kama igiyar kujerarka da farce, ya hau da kyar, ya baje a cikin lotsawar da ka bari.

Ina jin haushinka, ka sani. Da ka kama hannuna ka ja ni sama ko sau ɗaya, me zai ragu a jikinka? Amma in na fara wannan faɗan sai in tuna ba ka ɓoye mini komai ba. Kowace safiya ka tsaya a bakin kicin ka faɗa da bakinka. Ni ce ban juyo ba. Irin tarbiyyarmu ba ta bar ni na faɗa maka kana ji ba, to ga shi a rubuce: na ƙaunace ka, ina kuma ƙaunarka, na gode da ƙusar nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa haske a kabarinka irin wanda ka tanadar mini. Gobe in Allah Ya kai mu za mu hau, ni da shi. Na gaida ranar da kaina, ta amsa. Gaskiyarka, akwai wuri.

Taka har kullum,
Ummu Sumayya, mai kujerar majingina.